Tarihin Guguwar da ke Cikin Zarra

A watan Afrilu, idan bazara ta kai maƙura a Kano, wanda ya bi ta gefen Filin Sukuwa da azahar yakan ci karo da guguwa ta taso daga tsakiyar fili, ta kwashi ƙura da leda da busasshen ganyen darbejiya ta yi sama da su. Na sha tsayawa a inuwa a nan Nassarawa ina kallonta har ta watse. Ganyen nake bi da ido. Iska na zagayawa da shi tare da sauran tarkace, shi kuma yana ta wulwulawa a kan kansa kamar an murza shi da yatsa. Juyi biyu ke nan a wuri ɗaya: na gayya da na ƙashin kai. A kan ganye ba a musu, na gayyar ne ke haifar da ɗayan. To idan aka gangara can ƙasa, inda ƙwayoyin halitta suka fi zarra ƙanƙanta, kuma abin da ke zagayawa da su ruwa ne mai gudun da ya kusa na haske, haka abin yake? Wannan tambaya ta ci wa masana fiziks shekara 102, daga 1915 zuwa 2017, kafin su ga amsarta a ma'auni.

Akwai kalma ɗaya da za mu riƙe tun daga nan. Kakata takan yi kaɗi bayan la'asar. Ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari a kan 'yar fata, sai ka ga tsinken nan da ba ya iya tsayuwa da kansa ya miƙe cak yana jan zare, gululun da ke gindinsa na riƙe masa juyin. Abin da mazari ke ɗauke da shi a wannan lokaci shi zan kira jarin juyi. Dokarsa ɗaya ce, kuma ba a taɓa kama ta ta karye ba: jarin juyi ba ya ɓata, hannu kawai yake sauyawa. In mazari ya lafa, fata da iska da zare ne suka karɓe jarin.

A 1915 Sarki Abbas ne a gadon sarautar Kano. Jirgin ƙasa ya shekara huɗu da isowa, makarantar Ɗan Hausa ta nan Nassarawa kuma tana da shekara shida. A wannan shekarar aka buga sakamakon gwaji biyu da suka zama kamar gaba da bayan riga. A Balin, Albert Einstein da wani ɗan Holan, Wander de Haas, suka rataye 'yar sandar ƙarfe da siririn zare a tsakiyar naɗin waya. Da suka saki lantarki ƙarfen ya zama maganaɗisu, sai sandar ta murɗa, ba wanda ya taɓa ta. Ashe akwai wasu ƙananan abubuwa a cikin ƙarfen da ke juyi tun can, kowanne ya fuskanci inda ya ga dama. Da aka jera su sahu ɗaya jarinsu ya taru a gefe guda, dole gangar jikin sandar ta juya ta ɗaya gefen don lissafi ya tashi daidai. Samuel Barnett na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka ta baya ya ɓullo wa al'amarin. Ya ɗauki sandar ƙarfe, ya sa inji ya wulwula ta da gudu, sai ta zama maganaɗisu mai rauni ƙwarai, amma wanda ake iya aunawa. Juyin gayya ya shiga cikin na ƙashin kai ke nan. Lambar da Einstein da abokinsa suka fitar ta dace da abin da suke tsammani, suka gamsu. Ta Barnett ta kusa ninka tasu, kuma tasa ce ta fi kusa da gaskiya. Ninkin nan sawun wani abu ne da ba a raɗa wa suna ba tukuna.

Sunan ya zo a 1925 daga Leiden ta ƙasar Holan. Ɗalibai biyu na Paul Ehrenfest, George Uhlenbeck mai shekara 24 da Samuel Goudsmit mai 23, suka ce ilektaron na da juyi nasa na kansa, ko yana kewaya cibiyar zarra ko ba ya yi. Saura ƙiris su janye, domin da suka kai wa dattijon malamai Hendrik Lorentz, ya zauna ya lissafa ya nuna musu cewa in ilektaron ƙwallo ne mai irin wannan juyi, to fatarsa sai ta fi haske gudu, abin da ba ya yiwuwa. Uhlenbeck ya koma wurin Ehrenfest a kan a riƙe takardar, ya tarar malam ya riga ya aika da ita.

Lorentz bai yi kuskure ba, yaran ma ba su yi ba. Abin da masana ke kira sifin, wanda zan riƙa ce wa juyin halitta, jarin juyi ne na gaske, tunda yana iya murɗa sandar ƙarfe, amma babu wani ƙwallo da ke wulwulawa. Da shi aka halicci ƙwayar kamar yadda aka halicce ta da nauyinta. Ba ya ƙaruwa, ba ya lafawa irin na mazari. Fuskarsa kaɗai ke sauyawa, kuma duk alƙiblar da ka auna ilektaron da ita amsa biyu ce, ko ya bi ta ko ya ba ta baya. A 1928 Paul Dirac a Kambirij ya rubuta lissafin ilektaron da ya dace da ƙa'idar dangantaka ta Einstein, sai ga juyin halitta ya fito daga cikin lissafin ba tare da an cusa shi ba, har da ninkin da Barnett ya hango. Tun daga nan aka san sifin da dangantaka 'yan ɗaki ɗaya ne.

Ɗaya reshen labarin na ruwa ne da zafi. Masu ilimin gudanar ruwa ba sa bin ƙwaya ɗaya-ɗaya, kamar yadda mai awo a Dawanau ba ya ƙirga ƙwayar gero, tiya da buhu ya sani. Su kuma zafi suka sani, da matsi, da gudu, da kauri. Lissafinsu ya yi aiki a kan kogi da iska tun ƙarni na 19, sai da aka ce a rubuta shi don ruwan da ke gudu kusa da na haske sannan ya cije. Carl Eckart ya gwada a 1940, Lev Landau da Evgeny Lifshitz suka yi nasu a Rasha, dukansu da aibi guda: a takarda, zafi na iya riga haske isa wuri. Ingo Müller a 1967, sannan Werner Israel da John Stewart a 1979, su suka ɗinke ɓarakar, da suka ba ruwan ɗan jinkiri kafin ya amsa abin da ya taɓa shi. Landau kuma tun 1953 ya faɗi wata magana ta ƙarfin hali, cewa in aka gwara ƙwayoyi da ƙarfin gaske, abin da zai wanzu na ɗan lokaci ruwa ne, a lissafa shi da lissafin ruwa.

Wurin da rassan biyu suka fara haɗuwa shi ne Krakow ta ƙasar Folan, kuma a mafi munin lokaci. Jan Weyssenhoff, malamin fiziks a tsohuwar Jami'ar Jagiellonian, ya jawo wani haziƙi mai suna Myron Mathisson, wanda a 1937 ya rubuta yadda abu mai juyi ke tafiya a ƙarƙashin ƙa'idar Einstein ta nauyi. Mathisson ya bar ƙasar kafin yaƙi, ya isa Kambirij, tarin fuka ya yi ajalinsa a can a 1940. Dirac ne ya gyara takardarsa ta ƙarshe aka buga. A gida kuwa 'yan Nazi sun rufe jami'ar a Nuwamban 1939, suka kama malamai sama da 180, suka kai mafi yawansu sansani. Cikin shekarun nan na yaƙi Weyssenhoff da wani matashin abokin aikinsa, Antoni Raabe, suka ci gaba da lissafi a kan wani ruwa na tunani, wanda kowane ɗigonsa ke ɗauke da juyin halitta. An kama Raabe, ya mutu a Auschwitz a 1942. Takardarsu ba ta fito ba sai 1947, da sunayensu su biyu, kuma har yau ruwan Weyssenhoff ake ce masa. Babu na'urar da za ta gwada shi a lokacin, babu ma wanda ya san ko akwai irinsa a duniya. Duk sanda na zo nan a tarihin nakan ajiye littafi in yi shiru. Saurayi na lissafin abin da sai bayan shekara saba'in da ɗoriya za a gani, alhali ba shi da tabbacin wayewar gari.

Ko da an samu ruwan, ta yaya za a san inda juyin ƙwayoyinsa ya fuskanta? Mai ba da shaida daga sama ya zo. A 1950 masu bincike biyu a Jami'ar Melbourne ta Ostireliya, Hopper da Biswas, suka aika farantan hoto sama da balan-balan, suka dawo da sawun wata ƙwaya da aka sa wa suna Lamda. Ta ɗara furoton nauyi, ba ta da cajin lantarki, kuma ba ta daɗewa. Takan yi tafiyar 'yan santimita ta fashe, galibi ta zama furoton da wata ƙaramar ƙwaya. Ƙarfin da ke haddasa irin wannan fashewa yana bambance hagu da dama, kamar yadda Tsung-Dao Lee da Chen Ning Yang suka yi zargi a 1956, Chien-Shiung Wu kuma ta tabbatar a farkon 1957. Saboda haka idan Lamda ta fashe, furoton ɗin ya fi yawan fita ta inda juyinta ya fuskanta. Tana mutuwa tana nuni da yatsa. In ka tara miliyoyinsu ka ƙirga, ka san inda suka karkata.

Ruwan kansa sai a wannan ƙarni aka dafa shi. A cibiyar bincike ta Brookhaven, can Long Island gabas da birnin Niyu Yok, aka gina zobe mai kewayen kilomita 3.8 da ake kira RHIC, ya fara aiki a 2000. Goudsmit, yaron nan na Leiden, a wannan cibiya ya yi sama da shekara 20 na aikinsa, a nan kuma ya kafa mujallar Physical Review Letters a 1958. Ya rasu a 1978, bai ga zoben ba. Aikin zoben shi ne a tuɓe wa zarrar zinariya ilektaron ɗinta a bar cibiya tsirara, mai furoton 79 da niyutaron 118, a kora ta har ta kai kashi 99.99 cikin 100 na gudun haske, a gwara ta da 'yar'uwarta da ke tahowa ta ɗaya hannun. Zafin karon ya kai digiri tiriliyan 4, ninkin na can cikin cibiyar rana sau 250,000. A wannan zafi furoton da niyutaron narkewa suke yi, kwak da gulon da ke ɗaure a cikinsu su fito su cakuɗe. An yi tsammanin hayaƙi za a gani, kowace ƙwaya na harkar gabanta. A Afrilun 2005 ƙungiyoyin bincike huɗu na RHIC suka ba da sanarwar cewa ruwa ne, kuma in aka gwada kaurinsa da yawan hargitsin da ke cikinsa, ba a san ruwan da ya kai shi tsinkewa ba. Maganar Landau ta tabbata bayan shekara 52.

Karon ba kasafai yake zama goshi da goshi ba. Sau da yawa gefe da gefe ne, kamar motoci biyu da suka gogi juna a kwana kowacce ta wulwula. Ɓangaren da ya haɗu yakan sami jarin juyi ninkin na ilektaron ɗaya sau dubbai. A ƙarshen 2004 Zuo-Tang Liang na Jami'ar Shandong da Xin-Nian Wang na Berkeley suka yi tambayar Barnett a sabon wuri: ina wannan jari ke zuwa? Suka ce wani kaso zai shiga juyin halittar kwak, daga nan ya bi su cikin Lamda. Takardar ta fito a 2005 a mujallar da Goudsmit ya kafa. Ƙungiyar STAR ta RHIC, mai na'urar da ta kai girman gida da nauyin tan 1,200, ta duba a 2007 ba ta ga komai ba. Iyakar abin da ta iya cewa shi ne in ma akwai karkata, ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba. Maganar ta kwanta kusan shekara goma.

A Florence ta Italiya dai ba a bar ta ba. Francesco Becattini da abokan aikinsa suka ɗauke ta daga karon kwak ɗaya-ɗaya suka kai ta ilimin zafi, suka kammala hujjarsu a 2013. Ruwan da ya daidaita a cikinsa yakan raba duk abin da ya mallaka ga 'ya'yansa bisa doka, har da jarin juyi. Guguwa na jan juyin ƙwayoyi su bi ta, zafi na hargitsa su, karkatar da za a gani kuma ita ce abin da ya rage bayan wannan ja-in-ja. Suka ƙara da cewa a ruwa mai irin wannan gudu, bambancin zafi daga wannan gefe zuwa wancan ma na da hannu a jan. Da wannan Lamda ta zama ma'aunin guguwa. A 2016 kuma wasu masana a Jafan suka tura zaiba ta cikin siririn bututu, suka auna ɗan lantarkin da wulwulawarta ta haifar ta hanyar juyin ilektaron. An ga abin Barnett a ruwa.

Abin da ya buɗe ƙofar a Brookhaven rage ƙarfi ne. Daga 2010 RHIC ya shiga gwara zinariya a ƙananan matakai, daga GeV 200 da aka saba, a ma'aunin ƙarfin karo, har ƙasa zuwa 7.7, don wata manufa daban. Michael Lisa da ɗalibinsa Isaac Upsal suka koma kan waɗannan bayanai suka sake ƙirga Lamda. Jami'arsu ita ce ta Jihar Ohio, inda Barnett ya wulwula sandarsa. A Agustan 2017 mujallar Nature ta buga sakamakon ƙungiyar STAR a bangonta: Lamda da kishiyarta anti-Lamda duk sun karkata zuwa alƙiblar juyin karon, da wajen kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Da aka sa wannan a lissafin Florence, ƙarfin guguwar ya fito 9 da sifili 21 a bayansa a kowace daƙiƙa. Tsakiyar mahaukaciyar guguwar nan ta Amurka mai ɗage rufin gida ba ta kai 1 ba a wannan ma'auni. Wanda ya riƙe kambu kafin nan, ɗigon heliyom mai tsananin sanyi, wajen miliyan 10 yake.

Lambar na iya sa mutum ya zaci ɗigon ruwan Brookhaven na ta wulwulawa kamar fanka. Ko zagaye ɗaya ba ya gamawa. Sai an jera wajen biliyan 100 nasa kafin a cika milimita ɗaya, rayuwarsa kuma ba ta wuce lokacin da haske zai ƙetare shi ba. Ko rubu'in zagaye bai yi ba ya watse, Lamda ta fito da labarin murɗawar da ta baro. An kuma gane abin da ya faru a 2007. In ƙarfin karo ya yi yawa, cibiyoyin biyu ratsa juna suke yi su wuce da mafi yawan jarin, tsakiya inda na'ura ke kallo ta tashi da kaɗan. Da STAR ta tara bayanai masu yawa ta sake aunawa a GeV 200 a 2018, karkatar na nan, wajen kashi 0.3 cikin 100. A GeV 3 kuwa, a 2021, ta kai kusan kashi 5. Awon 2007 bai yi ƙarya ba, idonsa ne bai kai ba.

Kashi 2 cikin 100 zai yi kama da abin raini, sai an gwada shi da wani abu da muka sani. Bara na raka kawuna wani asibiti a nan Kano a ɗauki hoton bayansa da na'urar MRI. Ma'aikaciyar ta tare mu a bakin ƙofa ta ce, "Baba, a cire agogo da zobe, a ba shi makulli da waya ya riƙe. An taɓa yi muku aiki an sa ƙarfe?" Ya ce a'a. Ya miƙo min hularsa da carbinsa, aka kwantar da shi, gadon ya shige da shi cikin rami. Na zauna a waje ina jin ƙarar nan kamar ta maƙera. Abin da na'urar ke yi shi ne jera juyin halittar furoton da ke cikin ruwan jikinsa. Maganaɗisu na ja, zafin jiki na hargitsawa, ja-in-jar nan dai, illa an sa maganaɗisu a gurbin guguwa. A na'ura mai ƙarfin tesla 1.5, rinjayen bai wuce furoton 5 cikin miliyan ba. Da irin wannan ɗan rinjaye likita ya nuna mana guringuntsin da ya zame tsakanin ƙasusuwan bayan kawu yana danne jijiya. Ɗigon Brookhaven ya fi jikin kawu zafi sau biliyoyi, duk da haka karkatarsa ta ninka wannan sau dubbai.

Nasarar 2017 ta buɗe tambayoyin da suka fi ta wuya, kuma Krakow ta sake shigowa. Lissafin Florence ya ɗauka cewa juyin ƙwayoyi ya riga ya daidaita da guguwa kafin ɗigon ya watse. In lokacin bai isa ba fa? Sai a ɗauki juyin halitta a matsayin wani kaya na daban da ruwan ke ɗauke da shi, mai tafiyarsa da dokarsa, kamar zafi da matsi. Wojciech Florkowski na Krakow, tare da Bengt Friman da Amaresh Jaiswal da Enrico Speranza, suka rubuta irin wannan lissafi aka buga a 2018, shekara 71 bayan takardar Weyssenhoff da Raabe.

A ƙarƙashin wannan akwai wata tsohuwar gardama da ta fi komai jan hankalina, kuma manomi zai gane ta. Gida na da gandu, kowane ɗa kuma na da gayaunarsa. Damin da aka ɗaure a shekara adadinsa ɗaya ne ko wa ya ƙirga, amma nawa ne na gandu nawa ne na gayauna, wannan ya danganta da inda aka ja iyaka. Tun wajen 1940 wani ɗan Holan, Frederik Belinfante, ya nuna ana iya matsa iyakar da ke tsakanin jarin zagayawa da na juyin halitta a takarda, har a mayar da komai na gandu, jimla ba ta motsa ba. Shekara da shekaru an ɗauki wannan a zaɓin mai lissafi ne kawai. Sai aka gano cewa a ruwan da bai gama daidaita ba, inda aka ja iyakar na iya sauya hasashen karkatar Lamda, wato abin da ake aunawa da na'ura. Har yanzu bakin masana bai zo ɗaya ba a kan wace iyaka ce ta gaskiya. A ganina wannan ta fi lambar nan mai sifili 21 nauyi, domin tana tambaya ne ko juyin ɗa ɗaya na da ma'ana ta kansa a tsakiyar taro.

Na'ura ma ba ta bar masu lissafi sun huta ba. Wurin da zinariya biyu suka haɗu siffar ƙwallon dabino gare shi, kuma ya fi saurin kumbura ta gajeren gefensa, abin da ke haifar da ƙananan guguwa huɗu. Lissafi ya faɗi inda kowacce za ta fuskanta. Da STAR ta auna a 2019 ta samu huɗun, amma duk a juye. Shekara biyu ana neman bakin zaren. A 2021 ƙungiyar Becattini da wata ta ƙasar Sin, su Shuai Liu da Yi Yin, kowacce a nata ɓangaren, suka gano abin da aka tsallake: ko ruwa bai zagaya ba, in wani sashensa na zamewa a kan wani, wannan ma na karkata juyin halitta. Da aka saka shi lissafi ya iya komawa kan hanya, ko da yake sai da sharuɗɗa.

Babu irin wannan zobe a Afirka kaf. Abin da ke kusa da mu shi ne Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ƙaramin tanderun nukiliya mai ƙarfin wajen kilowat 30 ke aiki tun 2004, ana jefa niyutaron a kan samfurin ƙasa da ma'adinai don a san abin da ke cikinsu. Aiki ne mai amfani, amma fagensa daban. Ketevi Assamagan, ɗan Togo da ke aiki a Brookhaven ɗin, yana cikin waɗanda suka kafa makarantar fiziks ta Afirka mai yawo ƙasa-ƙasa, wadda ta fara zama a Stellenbosch a 2010, ta zo Kumasi a 2012, Dakar a 2014. Na kuma lura rabin wannan tarihi ba da na'ura aka yi shi ba. Goudsmit da Raabe da Liang da Becattini da Florkowski, takarda da alƙalami ne kayan aikinsu, yanzu kuma da kwamfuta. Kusan duk takardun fagen na zamanin nan suna nan kyauta a rumbun arXiv, ɗalibin fiziks na Jami'ar Bayero na iya sauke su a wayarsa yau. Abin da ba ya saukuwa a waya shi ne malamin da zai zauna da kai a kan shafi ɗaya har ka gane, irin Ehrenfest da ya aika takardar yaransa, irin Weyssenhoff da ya riƙe karatu cikin yaƙi. Kano ta san wannan tsari tun zamanin zaurukan Madabo, inda ake karanta littafi a gaban wanda ya karanta shi a gaban wani. Irin wannan silsila nake fatan gani a fiziks, ko da ta mutum uku ce a farko.

A Brookhaven kuwa an riga an yanke abin da zai gaji RHIC. A Janairun 2020 gwamnatin Amurka ta zaɓi wurin don gina sabon zobe a cikin ramin tsohon, wanda zai gwara ilektaron da furoton bayan an jera juyin kowannensu. Ɗaya daga manyan dalilan ginin ya samo asali ne daga wani gwaji a CERN da ke Jeniba a 1987. An auna nawa juyin kwak ke bayarwa a cikin juyin furoton, ana tsammanin kaso mafi tsoka, sai aka samu ɗan kaɗan. Awon da aka yi ta yi tun daga nan ya tsaya wajen kashi 30 cikin 100. Gulon na ba da wani kaso, RHIC ɗin ne ya fara nuna haka. Ragowar ana zaton tana cikin zagayawar da kwak da gulon ke yi a cikin furoton ɗin kansa, kuma ba a auna ta ba tukuna. Furoton ɗin da ake magana shi ne wanda aka jera a bayan kawu ran nan, ina zaune a waje riƙe da hularsa.